"Lafiya" ta ce, gawa na kan gado: muhawara kan fassarar 2 Sarakuna 4:18-37

Mai Bita: Salama a gare ku. Aikin wannan mako shi ne 2 Sarakuna 4:18-37, labarin yadda Elisha ya rayar da ɗan mutuniyar Shunem bayan ya mutu, ayoyi 20 cif. Nassin da muke bi na Masora ne, wato nassin Ibrananci da malaman Yahudawa, Masorawa, suka adana, yadda yake a kundin Leningirad na shekarar 1008. Daftarin farko ya iso, kuma wurare uku sun ƙi zama: amsar da uwar ta bayar a aya ta 23 da ta 26, abin da Elisha ya yi a kan gado a aya ta 34, da abin da yaron ya yi har sau bakwai a ta 35. Mu fara da ta 26. Daftarin ya rubuta, "Ta ce, komai lafiya lau." Alhali gawar ɗanta na kwance a ɗakin bene, ita da hannunta ta ja ƙofa ta rufe. Baba, me nassi ya ce?

Baba Mai Ibrananci: Kalma ɗaya tak: *shalom*. Ba "komai", ba "lau". Sau biyar ta fito a yankin nan, ɗaya a aya ta 23, huɗu a ta 26. Tambaya uku aka aiki Gehazi, baran Elisha, da su: *hashalom lak, hashalom le'ishek, hashalom layyaled*. Wannan *ha* da ke gaba alamar tambaya ce. Ita kuwa ta mayar da kalmar tsurarta, ba ta ce wane ne ke lafiya ba. Duk abin da muka ɗora a kai namu ne, ba nata ba.

Malamar Nahawu: To ai Baba, nan aiki ya zo mana a gida. A sa "Lafiya", a ɗiga aya, a wuce. Mutum na kwance yana jinya, ka ce masa ina kwana, ya ce lafiya, ba mai kiransa maƙaryaci, don gaisuwa ba wurin ba da labari ba ce. Sai an sauke ta ake cewa "sai dai fa..." Amma da ka ce "komai lafiya lau", ka cire maganar daga gaisuwa ka mai da ita shaida, matar ta zama mai shirga ƙarya ke nan. Daga nan masu wa'azi za su kasu biyu, wasu su yi ta wanke ta, wasu su ce bangaskiya ce ta furta, duk a kan kalmomi biyu da mai fassara ya ƙara.

Ɗan Maraɗi: Na yarda da Malama a kan ta 26, amma ta 23 daban ce. Can ba gaishe ta aka yi ba. Mijinta ne ya tambaya: me zai kai ki wurinsa yau, ba tsayuwar wata ba, ba Asabar ba? Macen da ke son katse maigida ta samu ta fita, "ba komai" take cewa. Da ni ne, "Ba komai" a 23, "Lafiya" a 26.

Baba Mai Ibrananci: Malam, in ka raba su ka tsinke igiyar da marubucin ya ɗaura. So yake mai sauraro ya ji kalma guda ta fita daga bakinta sau biyu, ga miji, ga bara, sa'an nan ta iso gaban Elisha ta kama ƙafafunsa, kalmar ta ƙi fitowa. Kuma "ba komai" musu ne ƙiri-ƙiri, don akwai komai. "Lafiya" kaucewa ce. Gwada a kunne: "Me zai kai ki wurinsa yau?" "Lafiya." Ana faɗin haka a kowane gida.

Ɗan Maraɗi: Na sauka, ranka ya daɗe. Ko a sa "Lafiya dai", don ta ɗan yi taushi?

Malamar Nahawu: A'a, Malam. Mai karatu a gaban jama'a zai ɗaga murya a kan "dai", ta koma tambaya. Bar ta haka.

Inna Mai Sauraro: Abu biyu daga wajen kunne. Na ɗaya, "mijinki". Aya ta 8 ta kira ta *isha gedola*, babbar mace, mai hali. Gehazi bara ne. Bara ba ya tare irin wannan mace a hanya ya ce "mijinki lafiya?" Cewa zai yi, "Kina lafiya? Maigida lafiya? Yaron lafiya?" Na biyu, ɗan nan shi ne na fari kuma shi kaɗai. Mai sauraro Bahaushe zai iya ɗauka shirun da take yi a kansa kunyar ɗan fari ce, irin wadda uwa ba ta kama sunansa. Kada mu zaɓi kalmomin da za su ƙara tura shi can. A aya ta 28 ta ce *ben*, ɗa, ɓaro-ɓaro: "Na roƙi ɗa a wurin ubangidana?" Kada wani ya gyara shi ya koma "na roƙi haihuwa".

Mai Bita: An karɓi "maigida". Akwai kuma rami a cikin ayar da daftarin bai cike ba. Elisha ya ba Gehazi saƙo, nan take nassi ya ce *wattomer shalom*, ta ce lafiya. Bai nuna Gehazi yana gudu ko yana tambaya ba. A takarda ido na cike wurin, a kunne kuwa sai a ɗauka Elisha ta amsa wa, sa'an nan aya ta 27 ta rikice. Za mu ƙara 'yan kalmomi: "Da ya tare ta, ta ce, Lafiya."

Yanzu *na'ar* da *yeled*. Daftarin ya sa "yaro" ko'ina.

Baba Mai Ibrananci: Nan ma Hausa ta yi kama da Ibrananci, sai dai kamar ce tarkon. *Na'ar* yaro ne, kuma bara ne, yadda muke cewa yaron wane. A aya ta 19, 22, 24 da 25 bara ake nufi. A 29, 30, 31, 32 da 35 ɗan da ya mutu ake nufi. *Yeled* kuwa ɗan ne kawai, a 18, a 26, sau biyu a 34. Dubi ta 19: yaro ya ce wa uba kaina kaina, uban "ya ce wa yaron, ɗauke shi ka kai wa uwarsa". Wane yaron? Wa za a ɗauka? Ta 22 ta fi muni: "aiko mini ɗaya daga cikin yaran" zai sa a ɗauka suna da wasu 'ya'ya, labarin duka ya rushe, tun da aya ta 14 ta ce ba ta da ɗa. A ware: "bara" ga masu aiki, "yaro" ga ɗan, "ɗa" inda *ben* ya zo, wato 28, 36 da 37.

Ɗan Maraɗi: Tun da muna kan ta 22, a duba dabbar. *Aton* jaka ce, macen jaki. A baki ba rikici, wasalin ya fi na jakar kaya tsawo. A rubuce kuwa "aiko mini bara da jaka guda", kowa jakar zuba kaya zai gani, wani ma kuɗi. Jinsin dabbar ba ya ɗauke da komai a labarin, a sa "jaki". Sa'an nan ta 24, daftarin ya ce ta ɗaura sirdi. Sirdi na doki ne. Akumari ake ɗora wa jaki. Aikatau ɗin *habash* ɗauri yake nufi, bai ambaci abin da aka ɗaura ba. *Nehag* kuma kora ce, baran na baya yana kora, ita tana bisa: "Kora mu tafi, kada ka sassauta sai na ce." Daga Shunem, inda ƙauyen Sulam yake yau a kwarin Yezireyel, zuwa Dutsen Karmel, inda Elisha yake, kilomita 25 zuwa 30 ne, gwargwadon gefen dutsen da aka nufa. Tafiyar jaki ce ta sa'o'i, shi ya sa take gaggawa.

Malamar Nahawu: 'Yan birni ba su san akumari ba, Malam.

Ɗan Maraɗi: Za su gane daga "ta ɗaura wa jakin". Wanda ya san jaki kuwa dariya zai yi in ya ji sirdi.

Mai Larabci: Ina da gargaɗi kan kalmomin da ke kama da namu ta hanyar Larabci, don suna da daɗin kamawa. Aya ta 20 ta ce yaron ya zauna a kan gwiwoyinta *ad hatsohorayim*. Tushenta ɗaya da zuhur, inda muka samo azahar. Amma azahar a bakin Bahaushe ƙarfe biyu ce, kuma tana jan salla a bayanta. Nassin rana tsaka yake nufi. Gwiwoyin ma, mu a cinya muke ɗora yaro: "ya zauna a cinyarta har rana tsaka".

Sunan annabin kuma: masu karatu Musulmi Alyasa'u suka sani, an ambace shi a Suratul An'am aya ta 86 da Suratu Sad aya ta 48, amma wannan labarin ba ya cikin Alƙur'ani. A bar Elisha a nassi, a yi bayanin ƙasan shafi sau ɗaya.

Baba Mai Ibrananci: Allah ya gafarta Malam, sunan ma sau ɗaya ya fito a ayoyin 20, a ta 32, daidai lokacin da ya shiga gidan ya ga gawa. Kafin nan *ish ha'elohim* ake ce masa, sau shida: 21, 22, biyu a 25, biyu a 27. Kalmar *nabi* ba ta zo ba ko kaɗan, don haka "annabi" ƙari ne. "Bawan Allah" kuwa a Hausa kowane baƙo ne da ba a san sunansa ba. Ta kwantar da shi a gadon bawan Allah, wane bawan Allah? "Waliyyi" ya ɗauko kayan wani gida. "Mutumin Allah" ya rage, shi ne kuma daidai da lafazin.

Inna Mai Sauraro: A gyara "lokacin kaka" da daftarin ya cusa a ta 18. Nassi masu girbi kawai ya ce. Kakarmu bayan damina take, sanyi na shirin shigowa. Can kuwa sha'ir ake girbewa wajen Afrilu, alkama a Mayu da Yuni, rana na dukan kai. Kuma kada a sa wa ciwon suna. Da yawa suna cewa bugun rana ne, mai sauraro a nan da ya ji ciwon kai da zafi da mutuwa a yini ɗaya sanƙarau zai tuna. Nassi *roshi, roshi* kawai ya ce. "Kaina" na iya zama ni da kaina, saboda haka "Wayyo kaina, kaina!" ya fi tsayawa.

Mai Bita: "Ya mutu" ko "ya rasu"? Daftarin ya sa "rai ya yi halinsa".

Baba Mai Ibrananci: Ibrananci na da hanyoyin sakaya mutuwa, littafin Sarakuna cike yake da "ya kwanta tare da kakanninsa". A nan marubucin ya ƙi su, ya jefa kalma ɗaya a ƙarshen ayar: *wayyamot*. Ya maimaita a ta 32: *met*. "Ya mutu." Da ladabi ake cewa rasuwa, amma wurin nan duka ake so mai sauraro ya ji. Don haka ma kan labarin kada a rubuta "Elisha ya farfaɗo da yaro". Wanda ya suma ake farfaɗowa da shi. 2 Sarakuna 8:1 da 8:5, da suka waiwayi abin, sun ce *heheya*, ya rayar. A ta 31 kuwa Gehazi ne ya sakaya, ya ce *lo hekits*, bai farka ba. A bar masa "farka". "Bai tashi ba" ya yi faɗi da yawa.

Malamar Nahawu: Ta 29, inda Elisha ya aiki Gehazi da sandansa, ta zo da sauƙi. *Hagor motneka* shi ne "yi ɗamara", tattare riga a ƙugu don gudu. "Zage damtse" na aiki ne, ba na tafiya ba. Sandan *mish'enet* ne, daga tushen jingina, sandan dogarawa, irin na Zabura 23:4, ba *matte* na Musa ba. Kandiri na sarauta ne, kulki na duka, a sa "sanda". Amma a tsayar da jinsi ɗaya, daftarin ya ce "sandana" a 29, ya ce "sandar" a 31. Duka biyu ana faɗi, sai dai ba a shafi ɗaya ba.

Mai Larabci: A ayar nan ne *barak* ya zo, tushen da ya ba mu barka da albarka. Lafazin shi ne in ka gamu da mutum kada ka sa masa albarka, amma gaisuwa ake nufi: "In ka gamu da wani kada ka gaishe shi, in wani ya gaishe ka kada ka amsa." Wanda ya san tsawon gaisuwarmu ba ya buƙatar bayani. *Nefesh* kuma ɗan uwan nafs ne, mu kuma "rai". Ta 27 ta ce *nafshah mara lah*. "Ranta ya ɓaci" fushi zai nuna. "Tana cikin ɗacin rai" ya riƙe ɗacin da ke cikin *mara*.

Baba Mai Ibrananci: A kula da rantsuwar ta 30: *hai Yahweh wehe nafsheka im e'ezbekka*. *Im* "in" ne, amma a rantsuwa korewa yake yi, an haɗiye tsinuwar da ke biye, yadda mutum zai ce "in na sake zuwa gidan nan..." ya yi shiru. Fassara: "Na rantse da Ubangiji mai rai, da ranka kuma, ba zan rabu da kai ba." Abin da ya fi muhimmanci, waɗannan su ne ainihin kalmomin da Elisha ya faɗa wa Iliya sau uku a 2 Sarakuna 2:2, 4 da 6. Da maganarsa ta ɗaure shi. Dole wuraren huɗu su zama iri ɗaya harafi da harafi.

Haka *en kol we'en kasheb* a ta 31. A 1 Sarakuna 18:29 aka faɗi haka game da gunkin nan Ba'al, a kan Karmel ɗin nan, da ƙarin "ba mai amsawa" a tsakiya. *Kasheb* sauraro ne, ba motsi ba. Daftarin ya ce "ko motsi". Ni dai "ba murya, ba alamar ji".

Mai Bita: To, mu shiga ɗakin. Daftarin ta 34: "Ya hau ya kwanta da yaron, ya sa bakinsa a bakinsa, idonsa a idonsa, hannunsa a hannunsa, ya miƙe a kansa, naman yaron ya yi zafi."

Malamar Nahawu: Subhanallahi. Kuskure shida a layi ɗaya, na farkon ma ba ya karantuwa a gaban jama'a. "Kwanta da" kowa ya san inda ya dosa. Ibrananci ma ya raba: *shakab im* daban, *shakab al* daban, na biyun ne a nan, kwanta a kan. "Ya hau" kuma kada a bar shi ba abin da aka hau, kunne zai haɗa shi da yaron. "Ya hau gadon." Sai wakilan suna: bakinsa a bakinsa, bakin wa? Kada kuma a gudu zuwa "baki da baki, ido da ido", waɗannan sun riga sun zama magana gaba da gaba. A ambaci yaron sau ɗaya, sauran su bi: "ya sa bakinsa a kan bakin yaron, idanunsa a kan idanunsa". *Kaf* tafin hannu ne, ba hannu duka ba. *Basar* a nan jiki ne, nama na mahauta. "Zafi" kuwa zazzaɓi ne. Gawa ce mai sanyi ta fara ɗumi: "jikin yaron ya yi ɗumi".

Ɗan Maraɗi: Saura "ya miƙe a kansa". Ni ban ga laifinsa ba, haka aka saba ji.

Baba Mai Ibrananci: An saba ji ne don an aro shi daga labarin Iliya da ɗan gwauruwar Zarefat. A 1 Sarakuna 17:21 aikatau ɗin *wayyitmoded* ne, daga tushen awo, ya auna kansa a kan yaron sau uku. Can "miƙe" ya zauna. Nan kuwa *wayyighar* ne, tushen *gahar*, wanda sau uku kacal ya fito a nassin Ibrananci duka: aya ta 34, ta 35, da 1 Sarakuna 18:42. A na ƙarshen Iliya ne a ƙwanƙolin Karmel, ya yi *gahar* zuwa ƙasa, ya sa fuskarsa tsakanin gwiwoyinsa. Mai fuska tsakanin gwiwoyi ba a miƙe yake ba. Ka kuma auna da hankali: yaron da bara ya ɗauka, ya zauna a cinyar uwa, ƙarami ne. Babban mutum ba zai daidaita baki da idanu da tafuka da nasa ba sai ya naɗe jikinsa. Tsohuwar fassarar Girkanci ma aikatau na lanƙwasawa ta sa.

Malamar Nahawu: In haka ne mu tace. Tsuguno a kan ƙafa ake yi. Durƙuso gwiwa ce a ƙasa. Rusunawa ladabi ne. Sunkuyo kai da wuya ya fi kamawa. "Duƙa" ya rage, kuma yana shiga wuraren uku: Iliya ya duƙa ƙasa, Elisha ya duƙa a kansa.

Inna Mai Sauraro: Ya riga ya kwanta a kansa, sa'an nan ya duƙa? Kunne zai ji an koma baya.

Baba Mai Ibrananci: Inna, *wayyishkab* na farko kan magana ne, abin da ya biyo bayani ne na yadda kwanciyar ta kasance. Za a iya nuna haka da "yana duƙe a kansa", maimakon sabon aiki. A ta 35 sai a ce "ya sake duƙawa".

Mai Bita: An rubuta. Ta 35: *ahat henna we'ahat henna*. Daftarin ya ce yana ta safa da marwa a gidan.

Mai Larabci: A cire. Karin maganar na da kyau a hira, amma duwatsun Makka ne, ba su da wuri a bakin marubucin Sarakuna. "Yana ta" ma ya yi yawa. *Ahat* ɗaya ne: sau ɗaya nan, sau ɗaya can. "Ya kai ya komo a cikin gidan" ya isa.

Sai atishawar. Akwai abin sha'awa a nan: kalmarmu daga Larabci take, aɗasa, kuma Ibrananci na da 'yar uwarta, *atisha*, a Ayuba 41 inda ake siffanta dodon ruwa Lewiyatan. Amma ba ita aka yi amfani da ita a ayarmu ba, don haka kada wani ya kafa hujja da kamar.

Baba Mai Ibrananci: Haka ne. Kalmar *wayzorer* ce, kuma da wannan ma'ana nan kaɗai ta fito, ba wata ayar da za a auna ta da ita. Shaidu uku muke da su, kowa da inda ya nufa. Masu sharhin Yahudawa, har da Rashi wanda ya rasu a 1105, atishawa suka ce. Jerom a fassararsa ta Latin ya sa *oscitavit*, ya yi hamma sau bakwai. Tsohuwar Girkanci kuwa ba ta da kalmar sam. A wurinta Elisha ne ya duƙa a kan yaron har sau bakwai, sai yaron ya buɗe ido. Wato bakwai ɗin ta tashi daga yaron ta koma kan Elisha.

Ɗan Maraɗi: Ni fa na Girkancin ya fi kwanta mini. Iliya sau uku, Elisha sau bakwai, aikin annabi ake ƙirgawa a duka biyun. Na'aman ma a sura ta 5 sau bakwai ya nutsa a Urdun. Wa ke tsayawa ƙirga atishawa?

Baba Mai Ibrananci: Hujjarka ba ta banza ba ce, akwai masana da suka bi ta. Amma tambayi kanka wanne ya fi sauƙin faruwa: mai kwafi ya ƙirƙiro kalmar da ba a san ta ko'ina ba ya cusa, ko mai fassara ya ci karo da kalmar da bai sani ba ya tsallake? Na biyun. Sa'an nan Masorawa sun nuna yadda suka karanta. Babbar alamar tsayawa ta tsakiyar aya, *atnah*, tana ƙarƙashin *alaw*, "a kansa". An rufe aikin Elisha a nan. Bayan tsayawar ne aka ce *wayzorer hanna'ar ad sheba pe'amim*, da yaron a matsayin mai aikin ƙarara. Tun da Masora muke bi, bakwai ta yaron ce. Na Girkanci da na Latin su sauka ƙasan shafi, layi biyu.

Inna Mai Sauraro: Hamma ma ba za ta yi aiki a kunne ba, mai jin barci ke yin ta. Atishawa kuwa numfashi ne ya fito da ƙarfi, bayan an ce ba murya. *Ad* kuma "har" ne daidai: "har sau bakwai".

Malamar Nahawu: Na ƙarshe daga wajena, ta 37. Daftarin ya ce ta yi masa sujada. A Hausa sujada ta Allah ce kaɗai, ga Kirista da Musulmi. *Hishtahawa* ana yi wa Allah, ana yi wa sarki, Ibrahim ma ya yi wa Hittiyawa a Farawa 23. Muna da faɗuwa gaban manya: "ta faɗi a ƙafafunsa, ta sunkuya har ƙasa". Kuma kada a mai da *se'i benek* "ga ɗanki". Aikatau ɗin *nasa* sau huɗu ya zo: ɗauke shi a 19, ya ɗauke shi a 20, ɗauki a 36, ta ɗauki a 37. Da ɗauka aka kawo shi, da ɗauka aka fita da shi.

Mai Bita: Ga yadda 32 zuwa 37 suka tsaya yanzu:

"Elisha ya shiga gidan, sai ga yaron matacce, an kwantar da shi a gadonsa. Ya shiga, ya rufe ƙofa, su biyu a ciki, ya yi addu'a ga Ubangiji. Ya hau gadon, ya kwanta a kan yaron, ya sa bakinsa a kan bakin yaron, idanunsa a kan idanunsa, tafukansa a kan tafukansa. Yana duƙe a kansa, sai jikin yaron ya yi ɗumi. Ya sauko, ya kai ya komo a cikin gidan, ya hau, ya sake duƙawa a kansa. Sai yaron ya yi atishawa har sau bakwai, ya buɗe idanunsa. Elisha ya kira Gehazi, ya ce, Kira mutuniyar Shunem ɗin nan. Ya kira ta. Da ta zo, ya ce, Ɗauki ɗanki. Ta shiga, ta faɗi a ƙafafunsa, ta sunkuya har ƙasa, ta ɗauki ɗanta, ta fita."

Matakin gaba gwajin kunne ne. A karanta da murya sau biyu ga mutum biyar ko shida da ba su san labarin ba, maza da mata, ba tare da kan labari ba. Sa'an nan a tambaye su: wa ya kai yaron gida, 'ya'ya nawa matar ke da su, mutuwa ya yi ko suma, ƙarya ta yi wa Gehazi ko a'a, wa ya yi abu sau bakwai. Duk tambayar da mutum biyu suka kuskure, ayar ce za a koma wa.

Inna Mai Sauraro: Ƙara ta shida: gadon wa? "A gadonsa" a ta 32 zai tafi ga yaron, shi aka ambata a kusa. Gadon Elisha ne, wanda ta sa masa a ɗakin bene tun aya ta 10, tare da tebur da kujera da fitila.

Baba Mai Ibrananci: Ta yi gaskiya. *Mittato* ma haka yake a buɗe, ta 21 ce ke warware shi. A sa "a gadon Elisha" sunan zai zo sau biyu a jimla ɗaya. Gwada: "Elisha ya shiga gidan, sai ga yaron a kan gadon nasa, matacce."

Malamar Nahawu: "Nasa" ɗin ma na iya zamewa, Baba. A kai duka biyun gwajin, a ji wanda zai tsira.